Shanyar Barkono Ranar Jana'izar Kawu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Wanda ya ba mu Kawu ya karɓi abinsa, a nan ba ni da ta cewa. Ta cewata tana kan waɗanda suka zo zaman makoki.

Tun da na iso ƙauyenmu, can gaba da Tsiga, nake zaune a kan tabarma a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, kuma wallahi kunnena ya gaji da jin abu ɗaya. Mutum zai zo ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Ashe Malam lokaci ya yi." A shafa fatiha, ya ja gefe. Bai gama gyara zama ba zai karkata ga na kusa da shi, ya yi ƙasa da murya: "Kai, ka ga jirgin nan kuwa? Ana ɗauke da makara, shi yana ta rangaji a kanmu." Ɗayan ya ce, "Wannan ai da sauƙi. Ita matar fa? Gawar miji na kwance ko wanka ba a yi ba, ta kinkimi buhu ta fita shanyar barkono." Sai a ja tsaki, a ce Allah ya kyauta. Wai su a dole ba na ji. To ni ne mai jirgin. Matar kuma Inna ce, matar Kawu, wadda ta goya ni a bayanta bayan rasuwar mahaifiyata.

A cikin gida abin ya fi muni. Matan dangi sun shimfiɗa tabarminsu can gindin bango, sun bar Inna ita kaɗai a bakin ɗakinta da carbi. Mai shigowa sai ta durƙusa wa kowa, ita kuma a jefa mata "sannu" daga tsaye. Suna cewa ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Kawu Ƙarami, ƙanen marigayin da ke zaune a Funtuwa, har ya fara faɗa a zaure cewa in ta gama takaba gara ta koma gidansu, don macen da barkono ya fi mata miji ba ta da sauran zama a gidan. Matar da ta yi furfura a gidan nan ake ce wa haka!

Mutum ɗaya tak na ji ta yi maganar Kawu kansa. Iya ce, Bayarabiyar da ke sarin barkono a wurinsa, haifaffiyar Funtuwa. Ta tsaya a ƙofar zaure tana share ido da bakin gyale ta ce, "Wata damina mota ta ƙi samuwa, Baba ya tsaya da ni a bakin titi ruwa na dukanmu. Da na samu mota na leƙo ta taga, yana nan tsaye bai tafi ba." Tana juya baya aka koma zancen jirgi.

Tunda haka ne, ni zan faɗi ko wane ne shi, kafin surutu ya binne shi a karo na biyu.

Kawu ba waliyyi ba ne, kuma ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Mutum ne mai zafin rai kamar abin da yake nomawa. Yana yawo da ɗan gwangwanin yaji a aljihu, ko gidan wa aka kawo masa abinci sai ya buɗe ya barbaɗa kafin ya ɗanɗana, bai damu da fuskar maigidan ba. In aka ce, "Malam, ai akwai yaji a ciki," sai ya ce, "Akwai sunansa dai." Ya ɓata da mutane da dama a kan wannan gwangwani, bai kuma taɓa barinsa a gida ba.

Ba ya yabo. Ranar da na kawo masa labarin an ɗauke ni makarantar koyon tuƙin jirgin sama, abin da ya ce kawai shi ne, "To, Direba, ka tabbata ka iya birki." Tun daga nan Direba ya zama sunana a bakinsa. Amma da Kawu Ƙarami ya ce a gaban jama'a ɗan manomi da hawa sama ai kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, Kawu ya miƙe tsaye, ya karkaɗe riga, ya ce, "Ka sake jifan ɗan ƙanwata da wannan baki ka gani." Har aka yi girbi ba su gaisa ba.

Abin da kowa ya san shi da shi kuwa, ko da yake yau sun manta, shi ne rakiya. Babba ko yaro, baƙo ko ɗan gida, in za ka yi tafiya sai Kawu ya taka da kai har bakin titi, ya tsaya har motar ta ɓace. Ko kun yi faɗa da safe sai ya raka ka, yana gaba kana baya, ba mai ce wa wani uffan. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Ba a barin matafiyi ya waiwayo bai ga kowa ba."

Da karatuna ya yi nisa na zo hutu da kwamfutar hannu, irin mai faɗin nan da ake latsawa da yatsa. Kawu ya sa mata suna allo, ni ma na bi shi. A matakin da nake, da ido ake tuƙi: kana kallon ƙasa, kana gane inda kake da abin da ka gani. Kafin ka tashi sai ka buɗe manhajar taswira a allon, ka ja layi daga inda za ka tashi zuwa inda za ka, ka zaɓi alamomin da za ka riƙa nema a hanya, kamar titi, layin dogo, madatsar ruwa, dutse ko babban gari. Ka saka ƙarfin iska da inda take kaɗawa, ita kuma ta fitar maka da fuskar da za ka dosa, da lokacin da ya kamata ka iso kowace alama, da man da za ka sha. Ina zaune a zaure ina shirya tafiyar da za a sake ni in yi ni kaɗai karon farko, daga Zariya zuwa Funtuwa, in karya zuwa Malumfashi, in koma. Kawu ya jawo buzunsa ya zauna kusa da ni.

"Wannan zaren fa?"

"Layin dogo ne, Kawu. Shi zan bi har Funtuwa."

"Wannan?"

"Bakori."

Ya ƙura ido, ya matso da fuska har hancinsa na neman taɓa gilashin. "Ina garinmu?"

Na ce babu shi a ciki. Kai, ranar na ga tashin hankali! "Wane mara kunyar ne ya zana? Tsiga na nan, Bakori na nan, mu da muke ba su barkonon miya babu mu?" Don a zauna lafiya na danna yatsa a daidai inda ƙauyen yake, ɗigo ya fito. Na ce masa amma daga sama rufin kwano duk iri ɗaya ne, ba lallai in bambance namu da na maƙwabta ba. Sai ya nuna bayan gida da haɓa, inda falalen dutsen da yake shanya yake.

"In na baza barkono a kan dutsen can, makaho ne kawai ba zai gani ba."

Na rubuta wa ɗigon suna: Shanyar Kawu.

Rigima ta tashi ne da ya lura layina daga Funtuwa zuwa Malumfashi ya bi titi, ya bar ɗigon a gefe. Bai yi shawara da kowa ba ya ɗora katon yatsansa ya ja layin zuwa kan ƙauyen. Lambobin da ke gefe suka sauya nan take. Ya ce, "Ka gani, shi ma allon ya yarda." Na ce jirgi ba jaki ba ne da za a karkata shi duk inda aka ga dama, sai malamina ya duba ya amince. Ya ce wato malami ya fi kawu. Na ce a sama dai ya fi. Ya tashi ya bar mini zauren. Ni kuma na goge allon da hannu, na manta na murza ido, na wuni ina hawayen yajin yatsansa. Washegari bai amsa gaisuwata ba, amma ya raka ni titi.

Malamina da ya ga layin ya yi dariya. Ya ce karkatar ba ta da yawa, in bar ta, sai dai kada in sauko ƙasa da inda aka yarje mini, kuma shanya ba alamar dogaro ba ce, yau akwai gobe babu. Titi zan riƙe.

Akwai wata hira da muka yi da Kawu bayan mun shirya, wadda ban ɗauke ta a bakin komai ba sai yanzu. Ya ce tunda allon ya san hanya, mene ne na wahalar da ido? Na ce masa allon kan mutu. In rana ta dake shi ta gilashin jirgi sai ya yi zafi ya ɗauke, ko caji ya ƙare. Shi ya sa muke riƙe taswirar takarda a cinya, ido kuma na waje.

"Wato in ya mutu, daga kai sai idonka."

"Haka ne."

"In ka duba inda kake sa ran alama ba ka gan ta ba fa?"

"Nan hankali kan tashi, Kawu. Mutum ya fara shakkar kansa, ya yi ta kewaye yana nema, mai na ƙarewa. A nan ake ɓata."

Ya ciro gwangwaninsa ya jujjuya, ya mayar aljihu.

Ana gobe zan tashi na kira shi bayan la'asar. Muryarsa a dushe. Na ce lafiya? Ya ce barkono ne ya shaƙe shi, suna ta ɗura a buhu. "Gobe da hantsi ko, Direba? Za ka ga ja. Garin nan kaf zan fito da su, har wanda ya ce za ka faɗo." Muka yi dariya, ya kashe.

Gari ya waye garau, kaka ta yi, gonaki duk an girbe. Na tashi ni kaɗai, kujerar malamina babu kowa. Layin dogo ya kai ni Funtuwa, na ga dutsenta daidai lokacin da allon ya ce zan gan shi. Na karya dama, Bakori ta wuce ƙarƙashina. Allon lafiya lau yake, ɗan hoton jirgin na tafiya a kan layi. Da na doshi ɗigon sai na leƙa, sai ga shi: ja wur a kan dutse, ya fi kowace alama da na taɓa nema fitowa fili. A gefen gari kuma ga jama'a, dogon layi na fararen riguna, sun fito daga wajen gidanmu sun nufi gabas. Na ce lallai tsohon nan ya cika alkawari, ya tattaro gari! Na yi dariya ni kaɗai har da buga cinya. Na karkata fiffike dama, na karkata hagu, yadda muke gaisuwa a sama. Na kewaya su sau ɗaya, na sake gaishe su, na wuce Malumfashi raina fes.

Gabas da garinmu maƙabarta ce. Na san haka tun ina yaro, amma ko kusa bai zo mini a rai ba.

Da na sauka na kunna waya don in kira shi, sai ga kiran Kawu Ƙarami. "Jikin yayana ya ɗan motsa, in da hali ka zo." Ya ɗan motsa! Mutumin da suka riga suka mai da wa ƙasa. Wannan al'ada tamu ta ɓoye wa mutum mutuwar nasa, a yi ta lallaɓa shi kamar ƙwai, ban san ranar da za mu bar ta ba. Na hau mota ina addu'ar Allah ya ba shi lafiya, na sauka na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Ashe ya kwana biyu a kwance, ya cika bayan asuba. Ban yi masa salla ba, ban ɗauki makararsa ba. Abin da na yi masa shi ne rawa da jirgi a kan gawarsa.

Da wannan wutar a cikina na yi ta zama a tabarma ina jin gulmarsu. Kuma kada in ɓoye, har Inna nake jin haushi. Da ba ta baza barkonon ba, da na ga dutse fayau da layin mutane, wataƙila da na gane. Ranar sadakar uku na kasa daurewa, na shiga gida na durƙusa a gabanta, matan bango suna kallo.

"Inna, me ya kai ki? Kin san abin da ake faɗa a kanki? Kin san abin da kika sa na yi?"

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da jan carbi har ta kai ƙarshe.

"Bayan kun gama waya ya kira ni. Ya ce, 'Jikin nan ba na tashi ba ne. Ko na kai gobe ko ban kai ba, da hantsi barkonon nan ya kasance a kan dutse. Yaron nan ya ce allonsa kan mutu. In ya duba bai ga ja ba zai ɗauka ya ɓata, ga shi shi kaɗai a sama. Kada kuma wanda ya gaya masa komai sai ya sauka.' Da ya cika na ce wa ƙanensa a sa wani ya kai buhunan. Ban rufe baki ba ya ce na haukace. Rana na ɗagawa. Sai na ja da kaina."

Buhunan da ƙato ke nishi kafin ya ɗaga, su tsohuwar nan ta ja a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta baza da tafin hannu, mijinta na kwance a ɗaki.

"Me ya hana ki faɗa musu?"

"Wa ya tambaye ni?"

Na tashi ban san inda nake jefa ƙafa ba. Kuma a wannan lokacin ba da Inna nake fushi ba, ba ma da Kawu Ƙarami ba. Da kai nake, Kawu. Titi na nan shimfiɗe daga Funtuwa har Malumfashi, allon bai mutu ba, ko ya mutu ga takarda a cinyata. Ba zan ɓata ba! Da ka tambaye ni da na gaya maka. Amma ina, kai ba ka tambaya sau biyu, ka ji magana ɗaya ka ƙulle ta a ranka ka yanke hukunci. Ka hana ni ganinka, ka hana ni sallarka, ka bar matarka a bakin mutane, duk don kada in waiwayo ban ga kowa ba. Taurin kanka har cikin kabari.

Na fita zaure, ana shirin rabon sadaka, wuri ya cika. Ban nemi izini ba na maimaita musu abin da Inna ta faɗa, kalma bayan kalma. Na ce jirgin da suka gani ni ne, gaishe shi nake yi, don shi ya ce in zo. Na juya ga Kawu Ƙarami na ce, "Kawu, ka yi mini haƙuri, kai babba ne. Amma wasiyyar yayanka aka kawo maka, ka kira ta hauka. Duk cikinmu nan ita kaɗai ta yi masa abin da ya roƙa. In Inna za ta bar gidan nan, to tare za mu fita." Wani dattijo ya ce yaro a yi a hankali. Na ce an yi a hankali ai, kwana nawa ana cin namanta a hankali. Liman ya yi gyaran murya ya ce shi dai tun farko bai ga laifi ga macen da ta fita bayan gidanta da rana don larura ba. Tun farko! Ya ga hakan ya yi shiru, sai yau. Kawu Ƙarami ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Barkonon kuwa yana can a kan dutse tun ranar. Ba wanda ya yarda ya taɓa shi, raɓa ta sauka a kai, awaki sun tattaka gefe. Na tuɓe babbar riga na ɗauki tsintsiya da buhu. Ina tarawa ina atishawa, hawaye da majina, ban damu da wanda ke kallo ba. Na ɗan jima sai na ji ana riƙe mini bakin buhu. Kawu Ƙarami ne. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, muka ɗure muka ɗauka tare har ƙofar ɗakin Inna.

Ta dubi buhunan, sannan ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun zuwana.

"Ɗan nan, ka gan shi dai? Ban baza shi yadda yake bazawa ba."

Na buɗe baki in ce mata titi na bi. Sai na tuna har yau ɗigon na nan a allona da sunansa, kuma duk ranar da na sake bi ta kansa dutse fayau zan gani.

"Na gan shi, Inna. Tun daga nesa. Ja wur."

"Ba ka ɓata ba?"

"Ban ɓata ba."

"To alhamdulillahi," in ji ta. "Na sauke amana."

Ta ajiye carbin, ta ja mayafi ta rufe fuska, sai a lokacin kukan ya zo mata. Wata tsohuwa daga cikin matan bango ta tashi, ta jawo tabarmarta ta dawo kusa da ita.

Allah, ga bawanka nan mai zafin rai, wanda bai taɓa barin matafiyi shi kaɗai a bakin hanya ba. Yanzu shi ne matafiyin. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, kada ka bar shi ya waiwaya bai ga kowa ba.